Yadda ake zaɓar mai daskarwa na ifoksi, a lissafa shi, a gauraya, har ya kama yadda ake so

Jama'a barkanmu da warhaka. Maganar ifoksi zanyi yau, gam ɗin nan mai zuwa gwangwani biyu A da B da ake gaurayawa, amma gwangwanin B na sa a gaba, wato mai daskarwa, wanda da yawa suke ɗauka kamar wani ɗan ƙari ne da ake ɗigawa dan gam ya kama. Ruwan A ɗin nan, rezin kenan, kusan iri ɗaya ne a yawancin kayan da zaka gani, ko na manna ƙarfe ne ko na shafe ƙasan ɗaki ko na zuba teburi, mafi yawansu daga bisfenol A da efikulorohaidrin ake yinsu, a takardar kamfani zakaga an rubuta DGEBA. Toh abinda yasa wani yake kamawa cikin minti 5 wani sai ya kwana uku, wani ya fito garau wani ya fito ja-ja, wani ya jure zafin digiri 180 wani kuma tun a digiri 55 ya fara saki, akasarin wannan bambancin daga B yake fitowa. In ka gane B ka gane aikin.

Mataki na 1: ka san abinda ke faruwa a cikin kofin

Ifoksi baya bushewa irin na fenti, babu wani ruwa da yake tashi ya bi iska. Haɗuwa ce ta sinadarai biyu. Kowace ƙwayar DGEBA tana da wani ɗan zobe mai kusurwa uku a kowane bakinta, kabon biyu da oksijin ɗaya, kuma zoben a takure yake, kaɗan yake jira ya buɗe. Shi kuma B, in dangin amin ne, yana ɗauke da naitirojin mai haidurojin a jiki, kowane haidurojin ɗaya yana buɗe zobe ɗaya ya kama shi. TETA misali, ɗaya daga cikin amin ɗin, haidurojin 6 gareshi masu aiki, kenan ƙwayarsa ɗaya zata riƙe hannun rezin har shida, su kuma kowannensu ɗaya bakin nasa na riƙe da wani amin ɗin, a haka a haka har komai na cikin kofin ya zama abu guda.

Ka ɗauke shi kamar saƙar raga. In B gajere ne mai hannu da yawa, idon ragar zai fito ƙanana, abin zaiyi tauri sosai, zai jure zafi da sinadarai, amma in ya sha duka tsagewa zaiyi dan babu inda zai miƙe. In B dogo ne mai lanƙwasa, idon ragar zaiyi faɗi, abin zai iya lanƙwasawa ya dawo, ya jure girgiza, sai dai zafi kaɗan zai sa shi laushi kuma ruwa da mai zasu fi samun hanyar shiga. In kuma a jikin B akwai zobba masu tauri, daban da zoben rezin mai buɗewa, toh zaren ragar kansa ne baya lanƙwasawa, nan ake samun masu jure zafi mai yawa. Duk sauran bayanin da zanyi a ƙasa akan wannan ya tsaya.

Akwai lamba ɗaya da zaka riƙa gani, Tg. Shine zafin da in abin ya kai sai ya bar halin gilashi ya koma halin roba. Baya narkewa fa, amma ƙarfinsa yana faɗuwa warwas. Duk aikin da zai ɗauki nauyi, ka tabbata Tg ɗinsa ya ɗara zafin da zai riƙa gani da kamar digiri 20 ko fiye. Duk digirin da zan ambata na Salshiyas ne.

Mataki na 2: ka tambayi aikin kafin ka taɓa gwangwani

Ka samu takarda ka rubuta amsa. Zafi nawa abin zai riƙa gani, inuwa zai zauna ko rana ko jikin inji? Kana da oben da zaka gasa shi ko dole ya kama a zafin ɗaki? Kaurin zubin nawa ne, shafe ne na milimita ɗaya ko zubi ne na santimita 5? Launi ya dameka? Wurin a bushe yake ko da danshi? Me zai riƙa zubar masa, asid ne ko sinadarin wanki mai kaifi ko man inji? Sannan minti nawa kake buƙata a hannunka kafin ya fara kauri?

Tambayar oben ita ce take raba hanya biyu. In baka da inda zaka gasa, rabin masu daskarwa sun fita daga lissafinka, kada ma ka wahalar da kanka.

Mataki na 3: ka zaɓi dangin da ya dace

Nan zan daɗe dan nan ne maganar take.

Amin masu miƙaƙƙiyar sarƙa, irinsu DETA da TETA da TEPA. Sune masu zafin nama, suna kamawa a zafin ɗaki, giram 100 a kofi a digiri 25 bai fi ya baka kamar rabin awa ba. Suna bada tauri da juriyar mai da sinadaran wanki, kuma kaɗan ake zubawa, wanda hakan kansa matsala ne dan kuskuren giram 1 ma babba ne. Aibinsu uku. Suna da gautsi, suna cin fata, sannan suna yin wani maiƙo a saman aiki. Maiƙon nan yana faruwa ne saboda amin ɗin da yake sama yana jan danshi da iskar kabon dayoksaid, sai su haɗu su zama wani gishiri da ake kira kabamet, zaka shafa yatsa kaji santsi-santsi kamar an shafa kakin kyandir, wani lokacin har fari-fari yake yi. In ka ɗora wani shafe akai baka wanke ba wallahi ɓarewa zaiyi. Shi yasa kamfanoni basu cika sayar da su tsura ba, suna fara haɗa amin ɗin da ɗan rezin kaɗan tun a masana'anta dan ƙwayar tayi girma, ta rage tashi da maiƙo, awon ma yayi sauƙi.

Amin masu zobe irin IPDA da PACM. Zoben da yake jikinsu yana bada tauri, launinsu yafi haske, sheƙinsu yafi kyau, maiƙo kaɗan, shi yasa sune a yawancin ifoksin shafe ƙasa. IPDA in aka gasa shi yadda ya kamata Tg ɗinsa yana kaiwa wajen 150. Amma fa shi kaɗai a zafin ɗaki baya ƙarasa aikinsa, yana tsayawa a hanya ya bar abin da gautsi, dan haka ake zuba masa benzil alkohol da wani abin hanzari. Benzil alkohol ɗin baya shiga cikin saƙar, zama kawai yake a tsakani yana sassauta ta, kenan kada kayi tsammanin Tg na 150 daga ifoksin ƙasa dan kawai kaga IPDA a jikin takarda.

Foli-ita amin, wanda aka fi sani da Jeffamine D-230 da ɗan'uwansa D-400. Sarƙarsu doguwa ce mai lanƙwasa, ruwa-ruwa ne, garau kamar ruwa, kuma suna da sanyin aiki sosai, awanni ne ba mintuna ba. Wannan jinkirin shine yake ba kumfa lokaci ta fita, ya kuma ba zafi lokaci ya watse, shi yasa zubi mai kauri da manyan ayyukan faiba irin fukafukan injin iska mai bada wuta suke dogara da shi, yawanci a gauraye da IPDA. D-230 in ya gama kamawa Tg ɗinsa wajen 80 zuwa 90, D-400 yafi shi laushi sosai. Ni a ganina duk mai son zubi mai haske nan ya kamata ya fara dubawa.

Foliyamaid. Ana yinsa ne daga asid ɗin man tsirrai da aka haɗa da amin, dan haka yake da doguwar jela mai maiƙo wadda bata son ruwa. Launinsa ja-ja ne, yana da kauri, ana zuba shi da yawa, daga 50 har 100 akan kowane 100 na rezin gwargwadon irinsa, kuma shine mafi haƙuri in awonka ya ɗan kauce. Yana kama ƙarfe da katako ƙam, yana jure duka, yana kare tsatsa, galibin fentin share fage na ƙarfe da gam mai kamawa a hankali shine a ciki. Inda yake da rauni shine zafi da sinadarai masu narkar da abu. Wasu irinsa suna so bayan ka gauraya ka ajiye minti 15 zuwa 30 kafin ka shafa, dan shi da rezin basa saurin jituwa sai sun ɗan fara haɗuwa, in takarda tace ka jira toh ka jira.

Fenalkamin, daga man ɓawon kashu ake samo shi. Launinsa duhu ne, babu maganar ado da shi, amma yana kamawa a sanyi har kusa da digiri 0 kuma yana kama wuri mai danshi, shi yasa jiragen ruwa da bututu da kankare mai laima suke amfani da shi.

Makaftan, shine na gam ɗin minti 5, daga warin kibritu zaka gane shi. Sauri kam babu kamarsa ko a sanyi, amma ruwa da zafi suna saurin karya shi kuma ƙarfinsa baya kai na mai kamawa a awa 24. Ka ɗauke shi na gyaran gaggawa, kada ka ɗora masa abinda zai zauna a ruwa ko ya riƙe nauyi na shekaru.

Daga nan sai masu buƙatar oben.

Amin masu zoben benzin, irinsu DDS da MDA da MPD. Naitirojin ɗinsu baya da kuzari a zafin ɗaki, sai an gasa a 150 zuwa 180 ko sama, amma abinda yake fitowa yana da Tg daga 150 har ya haura 200, ga juriyar sinadarai. DDS shine wanda ake yawan sawa a sassan jiragen sama na faiban kabon. MDA kuma ina roƙonka ka barshi ga masana'antu masu kayan kariya, yana lalata hanta kuma yana cikin waɗanda ake zargi da jawo ciwon daji. A 1965 a garin Epping na Ingila ya zube akan buhun fulawa a cikin motar kaya, mutum 84 suka kamu da shawara.

Anhaidraid, irinsu MTHPA da HHPA da NMA. Da irin wannan dangin Pierre Castan ya daskarar da ifoksinsa a Suwizalan tun shekarun 1930. Aikinsu daban ne, babu naitirojin, haɗin esta suke ƙullawa. Ana zuba wajen 80 zuwa 90 akan 100, da ɗan abin hanzari kamar kashi 1 irin imidazol, gaurayen yana zama ruwa-ruwa na awanni da yawa, baya ɗaukar zafi da ƙarfi, baya tsukewa sosai, kuma baya bari wuta ta ratsa, shi yasa ake zuba shi a tiransifoma da kwayil. Amma haɗin esta baya jure sinadari mai kaifi irin soda, yafi jure asid. Amin kuma akasin haka ne, yana jure soda amma asid irin na binega mai ƙarfi yana cinsa. Kaga amfanin tambayar da nace kayi ta me zai riƙa zubar masa. Sannan anhaidraid yana shan danshin iska ya koma asid a cikin gwangwani, tururinsa kuma yana jawo asma.

Na ƙarshe DICY, garin hoda ne fari da baya narkewa a cikin rezin a zafin ɗaki, dan haka ana iya gauraya su a ajiye watanni a kwalba ɗaya ba abinda zai faru, sai zafi ya kai wajen 170 zuwa 180 yake farkawa, in an sa masa abin hanzari ya sauko wajen 120. Gam ɗin kwalba ɗaya na jikin motoci da fentin hoda da allunan lantarki na FR-4 da yawa shine a ciki.

Mataki na 4: lissafin awo

In kit ka saya mai A da B na kamfani ɗaya, ka bi abinda suka rubuta, magana ta ƙare, kada ka haɗa A na wannan da B na wancan akan awon ɗayansu. In kuma daban-daban ka samo su, ka nemi lambobi biyu a takardar bayani. Ta rezin ita ce EEW, wato giram nawa na rezin ke ɗauke da ma'auni ɗaya na zoben nan, DGEBA mai ruwa yana tsakanin 182 da 192, mu ɗauki 190. Ta amin ita ce AHEW, nauyin ƙwayarsa a raba da yawan haidurojin masu aiki.

Lissafin shine AHEW sau 100 a raba da EEW, abinda ya fito shine giram ɗin B akan kowane giram 100 na A, a takarda suna rubuta shi phr.

TETA nauyinsa 146, haidurojin 6, AHEW kenan wajen 24, sau 100 raba 190 ya baka kusan 13. DETA 103 raba 5, wajen 21, ya baka kusan 11. IPDA 170 raba 4, 42.6, ya baka wajen 22. D-230 AHEW ɗinsa wajen 60, ya baka wajen 32. DDS 248 raba 4, 62, ya baka wajen 33. Ka duba kaga, rezin ɗaya ne amma daga 11 zuwa 33, wanda ya saba da awon wani ya kai shi kan wani ya ɓata aiki tun kafin ya fara.

In zaka gauraya B biyu, misali kashi 70 na D-230 da kashi 30 na IPDA dan ka samu jinkirin wannan da taurin wancan, ka raba 0.7 da 60, ka raba 0.3 da 42.6, ka haɗa su zai baka 0.0187, sai ka raba 1 da wannan lambar, AHEW na gaurayen ya zama wajen 53, kenan giram 28 akan 100. Yashi ko hodar launi ko wani cikon da ka zuba basa shiga lissafi, akan tsurar rezin kawai ake yi. Amma in an tsinka rezin ɗin da wani ruwa mai zobe irin na rezin shima, EEW ya canja, ka nemi sabuwar lambar.

Yanzu ga abinda nake so ya zauna maka. Ƙara B baya sa ifoksi saurin kamawa yadda kake nufi kuma baya ƙara masa ƙarfi. Waɗanda suka saba da rezin ɗin foliyesta na faiba su suke faɗawa nan, dan shi ɗan ɗigon da ake sa masa tada aikin kawai yake, in ka ƙara sai yayi sauri. A ifoksi B rabin ginin ne. In yayi yawa haidurojin zasu rasa zoben kamawa, sarƙoƙi su tsaya a reto, abin yayi laushi, ya riƙa shan ruwa, maiƙo ya ƙaru. In yayi kaɗan zobba ne zasu rage a banza, Tg ya sauka, sinadarai su samu ƙofa. In sauri kake so ka canja zuwa B mai sauri ko ka ɗumama wurin.

Mataki na 5: awo da gaurayawa

Kafin komai safar hannu ta naitiral, kada ka dogara da ta letes dan amin yana ratsa ta, da tabarau, da wuri mai iska. Borin fata na ifoksi a hankali yake taruwa, zaka iya shekara kana taɓawa lafiya lau, rana ɗaya hannu ya kumbura ya fara ƙaiƙayi, daga ranar kuma ko kaɗan ka taɓa sai ya dawo, baya warkewa. In ya taɓa ka sabulu da ruwa, kada ka goge da asiton, ruwan nan mai narkar da fenti, dan tura shi cikin fata yake.

Ka duba ko awon na nauyi ne ko na yawan ruwa, dan ba ɗaya bane. Rezin yana da nauyin giram 1.16 a kowane mililita, amin kuma yawanci ƙasa da 1 ne ko dab da shi, kenan 2 da 1 na kofi yakan zama wajen 100 da 43 a sikeli. Sikeli yafi, mai nuna 0.1 na giram in aikin ƙarami ne. Ɗora kofi, maida sifili, zuba A, rubuta lambar, lissafa B daga abinda ka zuba na gaske, sake maida sifili, zuba B a hankali.

In ka buɗe A kaga yayi hazo ko ya ƙanƙare fari kamar ya lalace, bai lalace ba, sanyi ne yasa yayi ƙanƙara. Ka rufe shi da kyau ka tsoma a ruwan zafi wajen digiri 50 har ya koma garau, ka barshi ya huce kafin ka gauraya.

Ka juya minti 3 cikakku da sanda mai faɗin baki, a hankali dan kada ka cusa iska. Da farko zakaga wasu zare-zare masu walƙiya suna yawo a ciki, alamar A da B basu gama shiga juna ba kenan, kaci gaba har su ɓace. Ka kankare gefen kofin da gindinsa da jikin sandar kanta. Sannan ka juye a sabon kofi ka sake juyawa minti 1. Wannan kofi na biyun mutane suna ganin ɓata lokaci ne, amma yawancin wuraren da suke zama danƙo a saman aiki daga ragowar gefen kofin farko suke, wanda aka kalato aka zuba a ƙarshe.

Mataki na 6: ka kula da zafin da yake haifarwa da kansa

Duk zoben da ya buɗe yana sakin zafi, wajen kilojul 100 akan kowane ma'auni. Giram 100 na rezin ya ɗan haura rabin ma'auni, kenan sama da kilojul 50, in zafin bai samu hanyar fita ba ya isa ya ɗaga gaurayen da fiye da digiri 200. Ga kuma ƙa'idar da masu aikin suke bi, duk ƙarin digiri 10 saurin haɗuwar yana kusan ninkawa. Toh zafi yana ƙara sauri, sauri yana ƙara zafi. In ka bar rabin lita na mai TETA a kofin roba, zakaji gindin kofin ya fara ɗumi, cikin 'yan mintuna ya gagari hannu, launin ya koma ruwan ƙasa, ya fara tafasa yana hayaƙi mai ɗaci, kofin ya lotse, abin ya tsage a tsakiya. In hakan ta fara ka fitar da shi waje akan ƙasa ko kankare nesa da abin kamawa da wuta, kada ka shaƙi hayaƙin.

Maganinsa, ka gauraya kaɗan-kaɗan, da ka gama juyawa ka baza shi a faffaɗan tire ko ka zuba akan aikin. Wannan gaurayen da zai ƙone a kofi cikin minti 20, in ka shimfiɗa shi siriri zai ɗau awanni. Lokacin da aka rubuta a takarda na wani adadi ne a wani zafi, yawanci digiri 25, in wurinka 35 ne ka raba shi biyu. Zubi mai kauri kuma sai da B mai jinkiri, in babu ka zuba hawa-hawa kada ka wuce kaurin da kamfani ya faɗa.

Sanyi shima matsala ne ta ɗaya ɓangaren. Ƙasa da digiri 10 amin na yau da kullum kusan tsayawa yake, kuma duk tsawon zamansa a jiƙe yana ƙara shan danshi yana yin maiƙo. Danshin iska kada ya wuce kashi 85, jikin abinda zaka shafa kuma ya ɗara zafin saukar raɓa da aƙalla digiri 3.

Mataki na 7: gashi na biyu

Wannan da yawa basu san shi ba. Ifoksin da ya kama a zafin ɗaki yana kaiwa wani matsayi da saƙar take yin tauri har ragowar hannayen basa iya motsawa su sami juna, sai aikin ya tsaya alhali bai ƙare ba. Shi yasa komai kyawun B ɗinka, in a digiri 25 ya kama Tg ɗin baya wuce wajen 50 zuwa 60. TETA ɗin da zai iya haura 100, a nan zai tsaya in baka gasa ba.

Ka bari ya kwana ya kama tukuna, yana cikin mazubinsa ko a tallafe dan kada ya lanƙwashe. Sai ka ɗaga zafi a hankali, misali awa 2 a 60 sannan awa 2 zuwa 3 a 80, masu zobe irin IPDA har 120 zuwa 150 in kana son duk abinda zasu iya bayarwa, takardar kamfani ce zata baka jadawalin. Ka barshi ya huce a cikin oben ɗin a hankali. Oben ɗin ya zama na aiki ne kawai, ba na abinci ba. In babu halin gashi, ka bashi kwana 7 a zafin ɗaki kafin ka ɗora masa nauyi ko ka zuba masa sinadari, taurin da kaji washegari bai kai ba.

Mataki na 8: gwaji da karanta matsala

Kowane gauraye ka zuba kaɗan a murfin roba ka ajiye gefe, ka rubuta rana da awo. Washegari ka danna farce, bai kamata ya shiga ba. Bayan sati ka goga tsumma mai asiton, in ya yi danƙo ko ya dushe sosai bai kama ba. Mai na'urar Shore D ta gwada tauri zaiga wajen 80 ko sama a ifoksi mai tauri. Ka tsoma samfurin a ruwan zafi digiri 60 na 'yan mintuna ka gwada lanƙwasa shi, nan take zaka san ko Tg ɗinsa ya haura haka.

In ko'ina yayi laushi bai ɗaya, awo ne ko sanyi, ka ɗumama shi kwana ɗaya ka gani, in ya taurara sanyi ne, in bai taurara ba awo ne kuma babu gyara sai kankarewa. In wuri-wuri ne yake danƙo, gaurayawa ce. In sama ne kawai yake santsi amma ƙasa da tauri, maiƙon amin ne, ruwan ɗumi da ɗan sabulu da soso mai kaushi suke fitar da shi dan gishiri ne mai narkewa a ruwa, asiton baza shi kawai yake, ka wanke ka busar sannan ka goga sanfefa, in ka fara da sanfefa cusa shi zakayi cikin ƙarcen. Kuma kada ka goge wanda bai gama kamawa ba babu abin rufe hanci, ƙurarsa tana ɗauke da ɗanyen amin. In ya koma rawaya bayan watanni a rana, wannan daga zoben benzin na rezin ɗin kansa ne da kuma amin, IPDA da D-230 suna jinkirta shi amma basa hana shi, aikin waje sai an rufe shi da shafen foliyuritan mai jure rana. Gwangwanin B kuma da ka zuba ka goge bakin ka rufe ƙam, farin ɓawon da kake gani a murfin shine amin ɗin da iska ta riga ta cinye, in yayi yawa ko ruwan ya yi kauri ya canja launi sosai kayi gwajin murfin roba kafin ka zuba shi akan babban aiki.